Zaren Fatsa a Hannun Ƙofa

Maigidana masunci ne, ɗan masunci, daga bakin Kwara wajen Yawuri. Ni kuwa 'yar manoma ce, ƙauyenmu ko rafin da ke kai rani babu. Shi ya sa tun daga ranar da aka kai ni gidansa har ranar da ya bar ni, bai kira ni da wani suna ba sai 'yar tudu. Ni kuma Malam nake ce masa. Sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba in ban da rana guda, kuma zan zo kanta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ana rubutawa, in na yi shiru kuka ne ya tare ni, sai a jira ni.

Ɗanmu na fari likita ne. Shi ya kawo mu Ingila bayan ciwon suga ya fara cin ƙarfin mahaifinsa. Ya sama mana flat a ƙasan wani dogon bene a Ladywood, cikin Birmingham, ba nisa da inda yake zaune da iyalinsa. Bayan ginin akwai ruwa. Ba kogi ba ne, haƙa shi aka yi da hannu tun zamanin kakanninsu, aka ɗaure gefensa da bulo, suna ce masa kanal. Ruwan baƙi ne, kuma ba ya zuwa ko'ina. Ranar da Malam ya fara ganinsa ta taga ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Wannan ruwan a kurkuku yake." Amma washegari a can na same shi, tsugune, yana kallon inda kumfa ke tasowa.

Likita ya yankar masa takardar izini, ya saya masa sandar fatsa mai ɗan keken naɗe zare. A saman benenmu akwai wani tsoho ɗan Jamaika da ke yini a bakin kanal ɗin, sai shi da Malam suka zama abokan zama, duk da ba wanda ke jin yaren wani. Shi ya nuna wa Malam cewa a nan in ka kama kifi sai ka mayar da shi ruwa. Malam ya dawo gida ranar yana girgiza kai.

"Kin san abin da mutumin sama ya yi? Ya kama kifi, ya gaishe shi, ya sallame shi."

"Kai fa?"

"Na bi liman. Amma Allah ya ga zuciyata."

A can garinmu Malam ba ya kallon zare. A kan yatsa yake ɗora shi, ya kau da kai yana hira, kuma kafin ya ja zai gaya maka ko tarwaɗa ce ke tsotsar tana ko ƙaramar karfasa ce ke wasa da shi. To sugan nan ya zo ya kashe masa kan yatsu. Sai ya ɗaga fatsa ya tarar an cinye tanar tuntuni bai ji komai ba. Bai yi mini ƙorafi ba. Na dai ga yana murza yatsunsa a jikin bango mai kaushi, yana dubansu kamar na aro.

Mutumin sama yana da wani ƙarfe da yake cakawa a ƙasa ya ɗora sandarsa a kai. In kifi ya taɓa, sai abin ya yi ƙara. Malam ya ce wa Likita yana son irinsa.

Lokacin ne gwamnati ke ta yanke-yanke, duk abin da aka tambaya sai a ce an rufe ko an rage. Aka haɗe sashen da Likita ke aiki da wani, aka mayar da shi Manchester. Ya kwashi iyalinsa suka kama wani siririn gida a Longsight, mai matakala a miƙe kamar tsani, banɗaki kuma a sama. Malam ba zai iya hawa ba. Aka ce mu zauna inda muke har a sami gida mai ɗaki a ƙasa, shi kuma Likita ya riƙa zuwa duk sa'ad da ya sami hutu. A cikin jirgin ƙasa, bayan ya kwana a kan aiki, ya sayi abin da Malam ya roƙa ta waya. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Idonsa a rufe yake rabin lokaci a shekarun nan.

Kwalin ya iso, Malam ya farke shi da wuƙar kicin. Abin da ke ciki ba irin na mutumin sama ba ne. Ba shi da tsinin cakawa a ƙasa. Ƙafafu gare shi masu faɗi kamar na agwagwa, da wurin kwantar da sandar fatsa, da wani siririn ƙarfe da ake saƙala zare a jikinsa. In aka ja zaren ko da kaɗan ne sai ƙarfen ya fizge, wata 'yar jar tuta ta miƙe, ƙararrawa ta kaɗa. Malam ya yini a tsakar ɗaki yana ɗanawa yana ja, yana dariya shi kaɗai. Kafin magariba ya raɗa masa suna maigadi.

A bayan kwalin akwai hoto. Wani Bature ne cikin katuwar rigar sanyi, zaune kan bokiti a tsakiyar wani fili fari fat. Gabansa rami kamar bakin tulu, maigadi a gefen ramin, tuta a sama, ga kifi kwance. Rubutu ya kewaye hoton, amma daga ni har Malam babu mai karatu. Hoton muka karanta.

"Kin ga nan?" in ji shi. "Ruwa ne wannan. Bisa ruwa yake zaune."

"Wane irin ruwa, Malam? Daɓen siminti ne."

"Ke 'yar tudu, kifin daga cikin siminti ya fito?"

Da ya kai abin bakin kanal, mutumin sama ya juya shi, ya dubi hoton, ya yi dariya har da tari. Can ya daina dariyar. Ya nuna hoton, ya nuna ruwanmu, ya kaɗa yatsa a gaban fuskata yana maimaita a'a da Turanci. Na gane nufinsa. Malam kuwa yana can yana neman tana.

Ranar da Likita ya zo ya ga kwalin, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Baba, wannan na ƙasashen ƙanƙara ne, irin su Kanada. Mistake na yi. Kawo in mayar a canjo maka."

Malam ya jawo kwalin jikinsa. "Ba inda za shi. In sanyi ya zo ai ruwan nan ma zai yi tauri."

"Ba ya yin taurin da zai ɗauki mutum, Baba. Fatar sama ce kawai, ƙasa ruwa ne."

"To," in ji Malam.

Na san wannan to ɗin. Ita yake yi wa yayyensa in sun ce kada ya shiga kogi da ambaliya.

Duk da haka kaka ta shekarar nan ta yi mana kyau. Yakan girke maigadi a kan bulon gaɓa, ya danne ƙafafunsa da dutse, kuma abin yana aiki. Ni kuma na fara bin sa da shayi a fulas. A can garinmu mace ba ta bin miji wurin kamun kifi, tana can tana jiran abin da za ta yi banda da shi. Sai ga ni da furfurata zaune a gefensa kan kujerar roba, muna kallon 'yar tuta. In ƙararrawa ta kaɗa, sai tsohon nan da ke jan ƙafa ya miƙe kamar saurayi. Ya cire ƙugiya a hankali, ya ce wa kifin, "Jeka, ka yi sa'ar ƙasa," ya sake shi.

Amma mantuwa ta riga ta shigo. Da farko ƙanana ne, ya sa takalmi a firji, ya yi alwala ya sake yi. Sannan ya fara tambayata ko an ɗaure jirgi a bakin kogi, ko yayansa ya dawo daga kasuwa, alhali yayan ya daɗe a ƙasa. Akwai wani gida da kansul, wato hukumar gari, ke tara tsofaffi da rana, mota na zuwa ta ɗauke shi wasu ranaku, in samu in yi wanka in yi cefane. Aka rufe shi. Matar da ke zuwa da safe ta taya ni shirya shi aka rage mata lokaci, daga baya ta daina zuwa. Mutumin sama shi ma 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Muka rage daga ni sai Malam sai ruwan nan a bayan taga.

Ya manta abubuwa da yawa amma bai manta hoton ba. Na yage shi daga jikin kwalin na tura can ƙasan shara. Bai ko neme shi ba, ya riga ya zauna masa a kai. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya je taga ya jira gari ya waye, ya ce, "Ya yi tauri?" In ce, "Bai yi ba, Malam." Ya ce, "Saura kaɗan."

Sanyin shekarar nan ko 'yan ƙasar sun ce ya wuce na kullum. Dusar ƙanƙara ta rufe motoci, bas ya daina shigowa layinmu. Wata safiya muka leƙa, baƙin ruwan nan ya zama fari. Yara suna jefa duwatsu suna zamewa a kai, wani ya tura keken zuba kaya na kanti ya tsaya cak a tsakiya, agwagi suna tafiya da ƙafa.

"Agwagwa ta hau," in ji Malam.

"Agwagwa ce, Malam."

"Gobe ɗan akuya, jibi mutum."

Tun daga ranar idona bai bar kansa ba. In zan shiga banɗaki sai in bar ƙofar a buɗe ina yi masa magana, ina jin amsarsa. Ƙofar flat ɗin kuwa ba ta da makulli ta ciki, wani ɗan abu ne ake murzawa da yatsa, wai saboda gobara.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ya sha kununsa ya kishingiɗa, har na ji numfashinsa ya yi nauyi. Na ce bari in watsa ruwa, don na kwana biyu ban yi wanka ba. Da na fito kujerar babu kowa. Iska mai sanyi na shigowa ta ƙofa. Maigadi ba ya bayan kujera inda na tura shi, kuma 'yar taɓaryar da na zo da ita daga gida ba ta cikin turmi.

Da silifa na fita, hijabi a kan jiƙaƙƙen kai. Na faɗi a kan gangaren da ke sauka wurin ruwan, na tashi, ban ji zafin ba sai da yamma. Babu kowa a hanyar. Na tarar da maigadi a girke a bakin bulo, an ɗana shi tsaf, sanda a kwance, zare a saƙale. Malam ko da hankalinsa ya tafi ba ya fara aiki bai shirya kaya ba. Shi kuma yana can bisa ƙanƙarar, ya yi nisan da hannuna ba zai kai ba ko da na kwanta, yana jan ƙafa zuwa tsakiya, taɓarya a hannu, yana neman wurin fasa rami. Ƙanƙarar tana wata irin ƙara a ƙarƙashinsa, kamar ana taka busasshen kara. Can wajen gada ina ganin baƙin ruwa a buɗe.

Na ce, "Malam." Bai juyo ba. Na ɗaga murya, "Malam, dawo. Maigida. Baban Likita." Na kira shi da duk abin da na taɓa kiransa da shi. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙanƙarar, na ji ta motsa, na san in na hau mu biyu za mu tafi.

Sai na faɗi sunansa. Sunan da uwarsa ta kira shi da shi, wanda na riƙe a bakina tun ina yarinya ban bari ya fito ba. Na faɗe shi da ƙarfi a bakin ruwan Turawa, ginin da ke tsallake ya dawo mini da shi. Malam bai juyo ba. Ya durƙusa ya ɗaga taɓarya.

Ku dakata mini kaɗan a nan.

Ban san yadda aka yi hannuna ya kai ga zaren ba. Na dai ja shi. 'Yar tuta ta miƙe, ƙararrawa ta kaɗa. Nan take ya ɗago kai. Ya saki taɓaryar, ya juyo, ya nufo gaɓa da sauri yana cewa, "Kar ki taɓa, kar ki taɓa, sai na zo." Ina kallon tsaga tana bin sawunsa. Daf da bulo ƙanƙarar ta ɓurma, ƙafarsa ta shige har gwiwa, na cafki wuyan rigarsa na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Muka zube tare a kan dusar.

Bai dubi ƙafar ba. Sandar ya ɗauka ya naɗe zaren, ƙugiya ta taso babu komai.

"Ya kuɓuce," in ji shi. Ya harare ni. "Surutunki ne ya kore shi, 'yar tudu."

Na ce, "Ni ce, Malam. Mu je gida ka canja wando."

Taɓaryata ta kwana biyu a kan ƙanƙarar ina hango ta ta taga, sannan wata rana ban gan ta ba.

Likita ya iso da yamma, bai ko cire rigar sanyi ba ya durƙusa yana duba yatsun ƙafar ubansa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya same ni a kicin. Ya yi ƙasa da murya.

"Inna, na yi wa kansul waya. Akwai abin da suke sa wa ƙofa, in an buɗe ya yi ƙara. Amma sai sun zo sun duba shi, an yi assessment, kuma sun sa mu a waiting list."

"Wato layi."

"Layi, Inna. Kuma mai tsawo. Bari in sa kwaɗo ta ciki kafin nan."

Ya sa. Kwana ɗaya kwaɗon ya yi. Malam ya murɗa ƙofa ta ƙi, ya dake ta har hannunsa ya fashe, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka yana tambayar laifin da ya yi aka ɗaure shi. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka binne 'yarmu. Na ciro makullin daga bakin zanina na buɗe, na ce Likita ya cire abinsa.

"To wannan abin dai zan tafi da shi," in ji Likita, ya ɗauki maigadi. "Shi ya jawo komai."

"Ajiye shi."

"Inna."

"Na kira ubanka da sunansa bai ji ni ba. Wannan ya ji. Ajiye shi."

Ya dube ni, ya ajiye.

Da ya koma Manchester na zauna na yi tunani. Na girke maigadi a lungun falo bayan labule, na kwantar da sandar, na cire ƙugiya, na jawo zaren ta gindin bango, ta bayan kujera, har soro. Zaren fatsa ba ya ganuwa sai an sa ido. Na ɗaure bakinsa a hannun ƙofa da irin ƙullin da nake ɗaure bakin buhu. Na murɗa na ja ƙofar, tuta ta miƙe, ƙararrawa ta kaɗa.

Haka muka ci sauran sanyin. Ina kicin ko ina banɗaki sai in ji ta, in saki abin da ke hannuna in fito. Wata rana ina raka'a ta biyu a azahar ta kaɗa, na yanke sallar na ruga. Abin ya dame ni har na aika a tambayar mini wata malama a Handsworth, ta ce ceton rai ya halatta, in sake sallata. Na sake ta, na sake wasu bayanta.

Yawanci ma ba sai na kai gare shi ba. Yana jin ƙararrawar sai ya saki ƙofar ya juyo da kansa, ya nufi lungun labule da sauri. Ya ɗauki sandar ya fara naɗewa, zaren ya miƙe, ya ji nauyi, fuskarsa ta washe. "Babba ne," yake cewa. Ya ja, ya sassauta, ya ja, yana kokawa da ƙofar gidansa. Ni ina tsaye a bakin kicin ina kallo. Sai can in lallaɓa in zare ƙullin, zaren ya saki, ya ce ya kuɓuce, in kawo masa shayi. In ya yi barci in sake ɗanawa.

Wannan ya fi ranar ƙanƙarar ci mini rai. Mutumin da a garinsu kaf in an rasa kifi ƙofarsa ake zuwa, ni 'yar tudu na ɗana masa fatsa a cikin ɗaki, kuma kullum sai ya ci. Nakan shiga banɗaki in buɗe famfo don kada ya ji kukana. Amma duk lokacin da na leƙa taga na ga farin nan, sai in je in duba ko zaren na nan daidai.

Mai irin ciwonsa yakan sami rana guda da hankali ke dawowa, kamar baƙon da ya zo ɗaukar abin da ya manta. Tamu ta zo da la'asar, sanyi ya fara sauƙi amma ruwan bai saki ba. Ina tsince shinkafa sai na ji shiru ya yi yawa. Na leƙo. Malam na durƙushe a gindin bango, ya ɗora zaren a kan yatsarsa yana bin sa a hankali. Yatsar ba ta ji, da ido yake bi. Ya bi shi ta bayan kujera, ya bi shi cikin soro, har ya kai hannun ƙofa. Ya tsaya a nan. Ya juya ya dubi lungun labule, ya sake duban ƙofar.

Na jira ya yi faɗa, ko ya yi irin kukan ranar kwaɗo.

"'Yar tudu."

"Na'am, Malam."

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ce."

"Me kike kamawa?"

Ya dube ni, kuma idon da ya dube ni da shi nasa ne na da, ba na majinyacin ba.

"Yana yawan ci?" ya ce.

"Kullum."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya sa farce ya taɓa ƙullin nawa, ya zame.

"Kin gani? Wannan ɗaurin buhun gero ne. In ya ja da ƙarfi rana ɗaya zai tafi kina barci. Kawo mini tabarau."

Na kawo. Ya zauna a kan kujerar sa takalmi, ya jawo bakin zaren. Yatsun sun ƙi masa, zaren na suɓucewa, ya kama da haƙori, ya sake. Na miƙa hannu zan taya shi ya buge hannun. Ya naɗa, ya zura, ya lasa da miyau, ya ja. Ya yi wani ɗan zarge mai kyau, ƙullin ƙarami kamar ƙwayar gero, ya rataya shi a hannun ƙofar ya gwada da ƙarfinsa. Bai motsa ba.

"Yanzu ko giwan ruwa ne ba zai tsinke ba," in ji shi. Ya miƙe yana dafa bango. "Kuma ki rage masa sako-sako, ya yi yawa. Kafin tutar ta tashi ya kai waje."

Na rage. Ya koma kujerarsa. Kafin in gama dafa shinkafar ya tambaye ni ko an ɗaure jirgi.

Ƙullin nan ya riƙe har ƙanƙarar ta narke. Wata safiya ya je taga ya ce, "Ya yi tauri?" Na leƙa, ruwan ya koma baƙinsa, keken kantin nan ya nutse sai hannunsa a waje. Na ce, "Ya saki, Malam." Ya ce, "Mun makara." Ni kuwa na shiga ɗaki na yi sujada.

Da bazara Likita ya sami gida mai ɗaki a ƙasa, a nan Longsight, muka taso. Ranar tashi surukata tana naɗe kaya ta kai hannu da almakashi za ta yanke zaren. Na ce ta bari. Na zare zargen daga hannun ƙofar a hankali yadda yake, na yanke zaren can nesa da ƙullin.

A nan babu ruwa a bayan taga, sai bangon maƙwabta da kwandunan shara, da ƙarar bas daga babban titi. Malam bai sake nufar ƙofa ba. Na girke masa maigadi a gefen gado, wani lokaci in ja zaren don in ga ya ɗago kai. Da farko yakan ɗago. Daga baya sai idonsa kawai ke zuwa wurin tutar. Bai kai sanyi na gaba ba. Ya cika a kan gadonsa da rana tsaka, jikinsa a bushe, ɗansa na riƙe da hannunsa, aka yi masa sutura aka sallace shi a cikin jama'a. Abin da na roƙa ke nan a bakin kanal, kuma an ba ni. Amma har gobe in na ji ƙararrawar keke a titi sai na saki abin da ke hannuna.

Daga baya takardar kansul ta biyo mu, wai layi ya zo kanmu. Likita ya karanta ya ninke ta.

Zargen yana cikin gwangwanin da nake ajiye carbina. Na sha ɗaukarsa in kai kusa da ido ko zan gane yadda ya bi da zaren, ban gane ba. Likita ya ce in ba shi ya warware a hankali ya gani, wai zai iya maimaitawa. Na hana. In ya warware bai iya mayarwa ba, babu wanda za mu tambaya.